Rishikesh: Garin Da Ake Motsa Jiki Bisa Lissafin Shekara

A wannan wata za mu kai ku arewacin ƙasar Indiya, zuwa wani gari da ake kira Rishikesh, inda kogin Ganga yake fitowa daga cikin duwatsun Himalaya ya kama hanyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Garin yana cikin jihar Uttarakhand, wadda aka yanko daga jihar Uttar Pradesh a shekarar 2000. Daga birnin Delhi tafiyar kilomita wajen 240 ce, a mota ko a jirgin ƙasa, ta hanyar Haridwar. In aka gwada shi da manyan biranen Indiya, Rishikesh ɗan ƙaramin gari ne. Amma sunansa ya kai ko'ina, domin shi ne ake yi wa kirari da babban birnin yoga na duniya.

Wanda bai san yoga ba, a taƙaice wata tsohuwar hanya ce ta mutanen Indiya ta horar da jiki da numfashi da hankali. Abin da ya fi yaɗuwa a duniya yau shi ne sashen motsa jikin: a miƙe, a lanƙwasa, a tsaya a kan wani yanayi ana jan numfashi a hankali. Kowane yanayi na jiki sunansa asana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015, sa'an nan hukumar UNESCO ta sa yoga cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada a 2016.

Mun sauka garin a tsakiyar watan Fabrairu na 2023, muka yi wata guda. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu, wanda kuma muke son mu ba ku labarinsa, shi ne yadda malaman da suka san aikinsu ba sa koyar da darasi iri ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Darasin lokacin sanyi daban, na lokacin zafi daban, na damina daban. A wurinsu ƙarfin mutum yana hawa yana sauka tare da shekara, kuma wanda ya ƙi kula da wannan, jikinsa ne zai biya.

Gari a bakin kogi

Rishikesh ya kasu biyu, kogi ya ratsa tsakiya. Tsohon gari da kasuwa da tashar mota suna hayin yamma. Yawancin gidajen ibada da na koyon yoga, waɗanda suke kira ashram, suna can gaba kaɗan wajen arewa, a hayi biyun. Gadoji masu lilo, waɗanda aka rataye da igiyoyin ƙarfe, su ne suke haɗa su. Tsohuwar cikinsu, Lakshman Jhula, an gama ta a 1929, aka rufe ta a 2019 saboda tsufa, kuma a rufe muka same ta. Ta biyu, Ram Jhula, ta 1986 ce, ita muke bi kullum. A kanta mutum zai yi kafaɗa da kafaɗa da masu ziyarar ibada da 'yan makaranta da shanu, birai kuma suna zaune a kan igiya suna jiran wanda zai yi sake da ledar ayabarsa.

Ruwan kogin a wannan lokaci kore ne shar, mai sanyi kamar ƙanƙara, domin daga dusar ƙanƙarar kan duwatsu yake narkowa. Kilomita wajen 70 daga nan, a garin Devprayag, koguna biyu suke haɗuwa, Bhagirathi da Alaknanda, daga nan ne ake fara kiransa Ganga. Mabiya addinin Hindu suna girmama shi ƙwarai. Da faɗuwar rana sukan taru a matakalan bakin ruwa, a Triveni Ghat da kuma gaban ashram na Parmarth Niketan, su kunna fitilu suna waƙoƙin ibadarsu. Saboda wannan alfarma ta wurin, doka ta hana sayar da nama da giya a cikin gari. Mai son tsire sai ya yi haƙuri. Shinkafa da miyar wake da gurasa da ganye, sai shayi mai madara da citta, su ne abincinmu har muka tashi.

Mutum biyu ne suka fi fito da sunan garin. Na farko Swami Sivananda, wanda likita ne a ƙasar Malaya kafin ya bar aikin ya zo nan a 1924. Ya kafa ƙungiyarsa mai suna Divine Life Society a 1936, almajiransa suka bazu duniya da yoga, ya rasu a 1963. Na biyu Maharishi Mahesh Yogi, wanda mawaƙan Ingila, 'yan Beatles, suka zo wurinsa a watan Fabrairu na 1968. Daga wannan ziyara samarin Turai da Amurka suka san hanya. Gidan da suka sauka ya zama kufai a cikin daji, aka buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido a 2015. Mun je mun ga ɗakunan dutse masu kama da rumbu, bango cike da zane-zanen baƙi.

Shekara mai kashi shida

Mu mun saba raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu. Tsohon lissafin Indiya kashi shida ya yi mata, kowane kashi wata biyu. Basanta, lokacin fure, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu. Girishma, tsananin zafi, zuwa tsakiyar Yuli. Barsha, watau damina, zuwa tsakiyar Satumba. Sharad, bayan ɗaukewar ruwa, zuwa tsakiyar Nuwamba. Hemanta, farkon sanyi, zuwa tsakiyar Janairu. Sai Shishira, ƙarshen sanyi, zuwa tsakiyar Maris. Ke nan mu a cikin Shishira muka isa, muka bar garin a bakin Basanta.

Wannan lissafi yana cikin littattafan maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda. Babban littafinsu, Charaka Samhita, ya ware babi guda kan abin da ya kamata mutum ya ci, da yadda zai tafiyar da jikinsa a kowane kashi na shekara. Bisa koyarwarsa, mutum ya fi ƙarfi a watanni huɗun sanyi, ƙarfinsa matsakaici ne a Basanta da Sharad, ya kuma fi rauni a lokacin zafi da damina. Daga nan suka fitar da ƙa'idar motsa jiki: ko a lokacin da mutum ya fi ƙarfi, rabin ƙarfinsa zai kashe, ya ajiye rabi. A lokacin zafi da damina kuwa, abin da zai kashe bai ma kai rabin ba. Alamar an kai rabi, in ji su, ita ce gumi ya tsatso a goshi da hammata, numfashi ya fara neman fita ta baki.

Har wa yau akwai wani littafin yoga mai suna Gheranda Samhita, wanda ya kai shekara 300 da rubutawa. Shi ma ya shawarci sabon shiga ya fara a Basanta ko a Sharad, ya guji farawa cikin tsananin sanyi ko zafi ko ruwa. Abin lura, har yau waɗannan lokuta biyu su ne Rishikesh yake cika da baƙi.

Ayurbeda fahimta ce ta gargajiya, likitocin asibiti ba su yarda da dukkan bayananta ba. Amma maganar a rage wahalar da jiki in zafi ya tsananta, a kuma ɗumama shi kafin a lanƙwasa shi in ana sanyi, ba wanda zai yi musunta.

Ajin safe

Makarantar da muka shiga ƙarama ce, a bene na uku, tagoginta suna kallon kogi. Malaminmu dattijo ne siriri, ɗan asalin duwatsun yankin, ɗalibai suna ce masa Guruji, mu ma haka muka riƙa kiransa. Kalmar "ji" ta girmamawa ce, ana liƙa ta bayan suna ko muƙami.

A Rishikesh lokacin sanyi akwai wata iska da take gangarowa daga duwatsu ta bi kwarin kogi tun cikin dare, ba ta lafawa sai hantsi. Tana kaɗa ƙofofi, tana ratsa bargo. Cikin wannan iska muke fita da ƙarfe shida da rabi, kowa da tabarmarsa ta roba a hammata, rana ba ta leƙo daga bayan dutse ba.

Darasin safe na masu kuzari ne. Guruji yakan fara da motsa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, daga yatsun ƙafa zuwa wuya. Sa'an nan a shiga numfashin da suke cewa yana ɗumama jiki. Akwai kapalabhati, inda ake fizgar ciki a fesar da iska ta hanci da sauri-sauri. Akwai bhastrika, wanda ma'anarsa zugazugi, kuma hakika ɗakin kan koma kamar maƙera. Bayan haka sai jerin motsi goma sha biyu da ake kira surya namaskar, ana miƙewa, a sunkuya, a miƙa ƙafa baya, a sauka ƙasa, a ɗago ƙirji, a dawo tsaye, kowane motsi da numfashinsa. A makonmu na farko yakan sa a maimaita jerin har sau goma sha biyu. Kafin a kai rabi an fara tuɓe rigunan sanyi.

Irin wannan salo, da motsi yake bin motsi ba tsayawa, sunansa binyasa. Tushensa yana kudu, a birnin Maisur, inda wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar a ƙarƙashin sarkin garin cikin shekarun 1930. Almajirinsa Pattabhi Jois, wanda ya rasu a 2009, shi ya yaɗa salon Ashtanga, mafi tsanani a cikinsu, wanda ake bin jerin motsi iri ɗaya kwana shida a mako. To amma ko su masu Ashtanga suna da nasu lissafin sama, domin ba sa yi ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓuya.

Abin da muka lura da shi a wurin Guruji shi ne idonsa yana kan fuskokinmu. Duk wanda ya ga bakinsa ya buɗe yana haki, sai ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa ƙasa, watau ya durƙusa ya kifa goshi ya huta. Bai taɓa yaba wa wanda ya fi kowa lanƙwasa ba. Wanda numfashinsa bai karye ba daga farko zuwa ƙarshe, shi yake yi wa murmushi.

Ajin yamma

Da ƙarfe biyar na yamma ɗakin yakan zama wani wuri daban. Wata mata mai kimanin shekara sittin ce take karɓar aji, ana ce mata Mataji, watau uwa. Kowa zai ɗauki dogon matashi da bargo biyu da ɗan guntun katako da ɗamara. A cikin awa ɗaya da rabi da wuya a yi yanayi fiye da bakwai, kuma kusan duka a ƙasa, a zaune ko a kwance. Za ta sa ka jingina bayanka a kan matashi ƙirji ya buɗe, ko ka kwanta ka ɗora ƙafafu a bango, ka zauna haka minti biyar, wani lokaci goma.

Mai kallo daga waje zai ce barci ake yi. Wanda ya gwada ya san ba haka ba ne. Minti na farko daɗi, na biyu sai ƙugu ya fara magana, na uku hankali ya tafi kasuwa ya dawo. Aikin shi ne ka zauna, ka saki jijiya, kada ka yi kokawa da ita. Da yawa daga cikin samarin da suke tsayawa a kan hannu da safe, a ajin Mataji suke kasawa.

Wannan salo mai taushi yana da reshe biyu, kuma tarihinsu abin sani ne. Amfani da matashi da katako da ɗamara ya samo asali daga B.K.S. Iyengar na birnin Puna, wanda shi ma almajirin Krishnamacharya ne, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Yana yaro ya sha fama da ciwo, shi ya sa ya damu da yadda mara lafiya da tsoho za su amfana. Wata ɗalibarsa Ba'amurkiya, Judith Lasater, ta yaɗa salon hutawa a kan matasai. Reshe na biyu, wanda ake kira yin, a Amurka aka tsara shi, ta hannun malamai irin su Paul Grilley da Sarah Powers, kuma sunan da wasu bayanansa daga tunanin mutanen Sin aka aro su. Ke nan wani sashe na abin da ake koyarwa yau a bakin Ganga ya je Amurka ne ya dawo da sabuwar riga. Mataji ba ta ɓoye wannan ba, kuma bai dame ta ba.

Takan rufe aji da abin da suke kira yoga nidra. Kowa ya kwanta rigingine an lulluɓe shi, ita kuma tana ambaton gaɓoɓin jiki ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin murya, kana bin ta da hankalinka. A nan kam wasu sukan yi barcin gaske, har da minshari.

Da shekara ta juya

Muna cikin mako na uku sai iskar asuba ta fara rauni. Itatuwa suka yi sabon toho, rana ta fara cizo da tsaka. Ranar 8 ga Maris aka yi bikin Holi, wanda masu kallon finafinan Indiya suka sani, bikin watsa garin launi na marabtar Basanta. Ba wanda ya tsira, har shanu sun kwana da ja da kore. A cikin watan ne kuma Parmarth Niketan yake shirya taron yoga na mako guda, wanda malamai da ɗalibai suke zuwa daga ƙasashe da yawa.

Sai ga sabuwar takarda an manna a ƙofar aji. Darasin safe ya koma ƙarfe shida. Guruji ya ƙara motsin murɗa jiki da na buɗe ƙirji. Bayanin da ya ba mu shi ne, a fahimtarsu majina da nauyin jiki suna taruwa lokacin sanyi, in rana ta fara zafi sai su narke, shi ya sa mura da kasala suke yawa a wannan lokaci, kuma motsi mai kuzari ne maganinsu. Amma ya rage yawan maimaitawa, ya ƙara hutu a tsakani, domin gumi ya fara zuwa da wuri.

Muka tambaye shi yadda sauran shekara take. Ya zaunar da mu a kan bene, ya bi mana ita kashi-kashi. A Mayu da Yuni zafi yakan kusa awo 40 a ma'aunin zafi. A lokacin nan ajin kuzari yakan gajarta, a yi shi tun da jijjifi. Zugazugi ya ajiye shi gaba ɗaya, ya kawo numfashin sanyaya jiki mai suna shitali, inda ake naɗe harshe kamar bututu a zuƙi iska ta cikinsa, a fitar ta hanci. Wanda harshensa ba ya naɗuwa sai ya zuƙa ta tsakanin haƙora. Ajin yamma kuwa shi yake zama babban aji.

Damina takan sauka wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Kogin nan kore sai ya zama ruwan ƙasa, ya cika ya haye matakala, hukuma ta dakatar da wasan kwalekwalen roba da matasa suke yi, ƙasa ta riƙa zaftarewa tana toshe hanyoyin duwatsu. A Yuli kuma dubban masu ziyarar ibada sanye da tufafi ruwan lemo sukan cika hanyoyin yankin, suna ɗibar ruwan Ganga su kai garuruwansu. Baƙin waje sukan yi ƙaranci. A wannan lokaci, in ji shi, gaɓoɓi suna ciwo, ciki ba ya narkar da abinci sosai, saboda haka motsi a hankali, tsayuwa mai natsuwa, abinci mai ɗumi mara nauyi kamar faten shinkafa da wake da suke kira khichdi. Sai an shiga Oktoba, sama ta washe, sa'an nan a fara ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har a kai ga cikakken aikin Disamba da Janairu.

Mutanen wannan kwari ba su ɗauki juyin shekara da wasa ba, kuma suna da dalili. A tsakiyar Yuni na 2013 ruwa mai yawa ya sauka a kan duwatsu kafin lokacinsa, ambaliya ta ci yankin Kedarnath, dubban mutane suka halaka. A nan Rishikesh ruwa ya shanye babban mutum-mutumin da yake tsakiyar kogi gaban Parmarth Niketan. Wanda ya taso a wuri irin wannan, tun yana yaro yake koyon duban sama kafin ya yanke abin da zai yi.

Masu gaggawa

Sai dai fa ba kowace makaranta ce take bin wannan tsari ba. Yoga ta zama babbar kasuwa a Rishikesh. Duk bangon da ka duba akwai tallan kwas na awa 200, wanda in mutum ya gama cikin mako uku ko huɗu za a ba shi takardar shaidar zama malami. Ma'aunin awa 200 daga Amurka ya fito, daga wata ƙungiya mai suna Yoga Alliance da aka kafa a 1999. Wanda ya biya kuɗin jirgi da na kwas, hutunsa kuma wata guda ne, ba zai so a ce masa yanzu lokacin hutawa ne ba. Yana son a ba shi komai, ko a Janairu ya zo ko a Yuni. Makarantu da dama kuwa abin da mai kuɗi yake so shi suke sayar masa.

A masaukinmu mun zauna da wani saurayi Bature da ya shiga irin wannan kwas a wata makarantar. Yana yin ajin kuzari sau biyu a rana, ga karatu a tsakani. A mako na biyu, da sanyin safiya, jiki bai ɗumama ba, ya matsa wa kansa sai goshinsa ya taɓa gwiwa, jijiyar bayan cinyarsa ta yage. Sauran kwanakinsa a kan kujera ya yi su yana kallon 'yan ajinsu. Takardar dai an ba shi, amma da ɗingishi ya hau mota. Mun ga wata kuma da take fama da wuya saboda an sa ta tsayuwa a kan ka tun a kwana na uku. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wannan shi ne abin da yake a kan mizani. Yoga tana da amfani da likitoci suka yarda da shi: a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka mai suna American College of Physicians ta sa ta cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai gwada kafin ya koma ga ƙwayoyi. Amma abin da yake warkarwa in an yi shi da awo, shi yake raunatawa in an yi shi da garaje.

Tambayar da za ku yi

Mun san da yawa cikinku za su tambaya, shin wannan abu bai taɓa addini ba? Tambaya ce mai kyau, kuma an yi ta a wasu ƙasashe. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga da aka haɗa da waƙoƙin ibada da abubuwan bauta, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta yanke makamancin haka, amma ta bar ƙofa ga wanda motsa jiki kawai yake nufi. A Rishikesh yawancin azuzuwa ana buɗe su da kalmar "om" da wasu addu'o'in Hindu, kuma surya namaskar ma'anarsa gaisuwa ga rana. Tun ranar farko muka gaya wa Guruji mu Musulmi ne, ba za mu yi waɗannan kalmomi ba, ba kuma za mu haɗa tafi mu fuskanci rana ba. Ya karɓa ba tare da ɓacin rai ba, ya nuna mana jerin motsin da za mu yi a madadinsu. Hukuncin abin kuwa na malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa.

Guzurin da muka dawo da shi

Ga mai niyyar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ko daga Oktoba zuwa Nuwamba. Kada ka biya kuɗin wata guda tun kana gida. Makarantu da yawa suna karɓar kuɗin aji ɗaya, ka shiga biyu ko uku ka gani da idonka. Ka tambayi malami abin da yake canzawa a darasinsa in zafi ya zo. In ya ce ba abin da yake canzawa, ka gode masa ka ƙara gaba. Mai hawan jini da mai ciwon hawan ruwan ido su guji tsayuwa a kan ka, mai ciki da mai ciwon zuciya su guji numfashin zugazugi, kuma kowa ya ji ta bakin likitansa tukuna.

Ga wanda ba zai je ba, darasin bai buƙaci tikitin jirgi ba. Samarinmu masu ƙwallo da gudu da ɗaga ƙarfe, da iyayenmu da likita ya ce su riƙa tattaki saboda sukari ko hawan jini, kowa yana iya duban shekararsa. In sanyi ya shigo a ɗumama jiki sosai kafin a matsa masa, sa'an nan a yi aiki mai ƙarfi. In zafi ya tsananta a koma asuba ko bayan la'asar, a rage, a sha ruwa. A kowane mako a bar wa jiki ranar da za a miƙe shi a hankali ba tare da gumi ba. Duk lokacin da baki ya buɗe ana haki, a tuna da rabin da ya kamata a ajiye don gobe.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.